Shekarun da aka yi ana ɗinka wa mata raga

Kafin shekarar 2002, matar da mahaifarta ko mafitsararta ta zazzago, galibi bayan haihuwa da yawa ko bayan al'ada ta ɗauke mata, magani biyu aka fi yi mata. Ko a sa mata zoben roba ya tallafe abin daga ciki, ko likita ya ɗinke wurin da namanta na kanta. Ɗinkin yakan saki, abin ya dawo. Ganin haka likitoci suka waiwayi ragar roba da aka daɗe ana toshe ƙaba da ita, suka ce ita ma nan za ta riƙe.

A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da raga ta farko da ake shigarwa ta gaban mace, ba tare da an gwada ta a kan mata masu yawa ba. Hujjar ita ce ta yi kama da wata ragar da ke kasuwa. A 2005 kamfanin Ethicon na Johnson & Johnson ya fito da ragarsa mai suna Prolift, aikin ya bazu.

Amma bangon gaban mace ba fatar ciki ba ne. Siriri ne, yana motsi, jijiyoyi sun cika shi. A jikin wasu matan ragar ta takure, ko ta huda nama ta fito, ko ta shiga mafitsara. Zama ya gagara, tafiya ta zama azaba, kwanciyar aure ta ƙare. Cire ta kuma ba wasa ba, domin an yi ta ne don nama ya tsiro cikin ramukanta kamar saiwa a cikin ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mata suka riƙa komawa asibiti ana ce musu tsufa ne, ko damuwa ce kawai.

FDA ta yi gargaɗi a 2008, ta sake a 2011 tana cewa illolin ba ƙalilan ba ne. Binciken PROSPECT na Birtaniya ya nuna ragar ba ta fi ɗinkin da aka saba amfani ba. Duk da haka matan ne suka tura maganar gaba: 'yar jarida Kath Sansom ta kafa ƙungiyar Sling the Mesh a 2015, a Amurka kuma an shigar da ƙararraki fiye da 100,000. Ostireliya ta hana ragar a 2017, Ingila ta dakatar a 2018, Amurka ta hana sayarwa a Afrilun 2019. A Ingila, rahoton binciken da Baroness Cumberlege ta jagoranta na 2020 ya tabbatar cewa an yi shekaru ba a saurari matan ba.

Har yau ana amfani da raga idan ta ciki za a yi aikin ɗage mahaifa. Ta gaba kuwa, a waɗannan ƙasashe an koma ga zoben roba, da motsa tsokar ƙugu, da ɗinkin nama.