Dublin: Inda Ƙaramar Ƙasa Ta Ja Kunnen Manya

Birnin Dublin ba ya nuna isa. Kogin Liffey ya raba shi biyu, gidajensa na jan bulo ne masu ƙofofi kala-kala, yayyafi kuma ba ya neman izini kafin ya sauko. Shi ne babban birnin Ayilan, ƙasar da ke kan tsibiri yamma da Birtaniya, wadda mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, ba su kai na jihar Kano ba. Taron ilimi ne ya kai ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙasar da ba ta da makamin nukiliya, ba ta kuma cikin ƙawancen NATO, ta bar sawunta a kan dokar da ke tsare duniya daga wannan makami.

A gefen lambun St Stephen's Green akwai wani gida mai suna Iveagh House, wanda baƙo zai iya wucewa bai ɗaga kai ba. Nan ce Ma'aikatar Harkokin Waje. Daga nan ne minista Frank Aiken, tsohon mayaƙin neman 'yanci, ya kai wata shawara gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1958: masu makamin nukiliya kada su ba wa kowa, marasa shi kada su nema. Shekara bayan shekara yana komawa da ita, har aka amince da ƙudurin baki ɗaya a 1961. Daga wannan ƙuduri aka gina Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wadda aka buɗe don sa hannu ranar 1 ga Yuli, 1968, ta fara aiki a 1970. Aiken aka ba alƙalami ya fara sa hannu a Mosko.

Tafiyar 'yan mintuna a ƙafa ta kai ni lambun Merrion Square. A can akwai itacen ceri da masu fafutukar kawar da makaman nukiliya suka dasa a 1980 don tunawa da mutanen da bam ya ƙona a Japan, kuma kowace 6 ga Agusta, ranar Hiroshima, ana taruwa a gindinsa. Wannan rana ta haɗa mu da su. A 6 ga Agusta, 2020, Ayilan da Nijeriya suka miƙa takardun amincewarsu da sabuwar yarjejeniyar da ta haramta makaman gaba ɗaya, wadda ƙasashe 122 suka kaɗa wa ƙuri'a a 2017. Ƙasashen biyu suna cikin waɗanda suka jagoranci tattaunawar, tare da Ostiriya da Meziko da Brazil da Afirka ta Kudu.

Mu ma muna da dalilinmu. A Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da iskar hunturu ke kwaso mana ƙurarta. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961, muna da watanni uku kacal da samun 'yanci.

Mai karatu na iya cewa da sauƙi Ayilan ta yi wa'azi, tunda tana zaune a inuwar maƙwabta masu makami. Akwai gaskiya a ciki. Su kansu 'yan ƙasar sun daɗe suna muhawara kan jiragen sojan Amurka da ke sauka a filin jirgin Shannon. Ita ma yarjejeniyar 1968 tana ɗingishi: sashe na 6 ya ɗora wa masu makami alhakin tattauna kwance ɗamara, amma har yau ƙasashe 9 na riƙe da kawunan nukiliya kusan 12,000, kuma tarukan bitar yarjejeniyar na 2015 da 2022 sun watse ba matsaya. Babu ɗaya cikin taran da ta sa hannu a ta 2017.

Duk da haka, a auna da abin da aka yi tsoro. A farkon shekarun 1960 Shugaba Kennedy ya yi hasashen ƙasashe 15 zuwa 25 za su mallaki makamin. Ba a kai nan ba, kuma Afirka ta Kudu da ta ƙera nata ta wargaza su da hannunta. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Abin da na ɗauko daga Dublin shi ne, ƙasa mara ƙarfin soja ba ta da garkuwar da ta wuce doka, dokar kuma sai an sami masu naci a kanta. Ɗalibanmu na hulɗar ƙasa da ƙasa sun haddace sunayen manyan ƙasashe da makamansu. Ya kamata su san Aiken, su san Reggane, su kuma san Yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyarmu, domin su ne za su zauna a teburin bita na gaba.