Daga Katsina zuwa Harobanda: rakiyar yaron da bai fara magana ba

Ka tambaye ni abin da ya kai ni Yamai a tsakiyar hunturu, alhali ba fatauci nake yi ba, ba kuma biki aka yi ba. Ƙanwata ce da ke aure can ta bugo waya. Ɗanta ya cika shekara uku bai fara magana ba, mijinta yana Lome wajen sayayyar kaya, tana neman wanda zai raka ta asibiti daga gida. Kafin in tashi kowa ya ba da fatawarsa. Inna ta ce nauyin baki ne, wai kakan yaron ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki. Gwaggo ta ce iska ce ta shafe shi, ta haɗo ni da ƙullin turare.

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar kusa ce, ta Jibiya da Magama da Ɗan Isa. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, sai ka ɗauka ba ka bar gida ba, har sai an zo maganar kuɗi. Mai shayi a tasha ya ce mini dala ashirin, na tsaya ina kallonsa. Ashe sefa ɗari yake nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma dubu. Ni da nake taƙama da lissafi, yaron mota ne ya riƙa ƙirga mini canji.

Kafin asuba muka shiga babbar bas, wadda su suke kira kar. Sama da kilomita 650 ne zuwa Yamai, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Har Dogon Dutsi kunnena yana gida. Daga Dosso kuwa Zabarmanci ya karɓe tallar mata a bakin taga, na koma ina nuna abin da nake so da yatsa. A wajajen Kure maƙwabcina ya taɓa ni in leƙa ko zan ga raƙuman dawa, don mafi yawan waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma a yankin suke. Ƙura kawai na gani.

Yamai gari ne da kogin Isa, wanda mu muke ce wa Kwara, ya raba biyu. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu da Babbar Kasuwa suna gefe ɗaya. Ɗaya gefen shi ne Harobanda, wato ƙetaren ruwa da Zabarmanci, gunduma ta biyar ta birnin. Tasi ya bi da ni ta gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Yanzu an ƙara wasu biyu, ɗaya a 2011, ɗaya a 2021. Kana sauka daga gadar Kennedy za ka ga Jami'ar Abdu Mumuni, ga fadamun shinkafa da lambuna kore shar a bakin ruwa, abin da idon Bakatsine bai saba gani a hunturu ba. Unguwannin su ne irin su Lamorde, da Karaje, da Kirkisoy, Fulani da Zabarmawa da Hausawa a cakuɗe. Direban ya nuna mini inda ruwa ya fasa madatsa ya ci gidaje a ambaliyar 2020.

Na miƙa wa ƙanwata turaren Gwaggo, ta yi dariya ta buɗe mini kwano cike da irinsa. Sai na zauna na kalli yaron. Lafiyayye ne, yana gudu yana hawa. Ya jera murafen kwalba a layi, in ka gusar da ɗaya sai kuka. Na kira sunansa bai waiwayo ba, amma da aka buɗe ledar biskit a ɗaki ya taho da gudu. In yana jin ƙishirwa ba ya nuna randa, sai ya ja hannun uwarsa ya ɗora a kan murfin. Injin niƙa ya tashi a maƙwabta, ya toshe kunnuwansa.

“Yaya, ka gani ko? Da yana cewa Mama, yana cewa ruwa. Yana shekara ɗaya da rabi ya daina.”

Muka fara da sashen yara na asibitin ƙasa na Lamorde, wanda yanzu ake kira Amiru Bubakar Jallo, nan kusa da jami'a. Ni a tunanina jini za a ɗiba, a sa kansa a na'ura, a ba mu amsa kafin azahar. Likitar ta karɓi littafin lafiyar yaron, wanda suke ce wa karne, ta shiga tambayoyi. Yaya cikin ya kasance? Ya yi kuka da aka haife shi? Yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya? Ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga? Yana farfaɗiya? Da Faransanci take rubutu, da Hausa take tambaya, ni kuwa ina gefe riƙe da jaka, ban tsinci komai a takardar ba sai kwanan wata. Ta ce babu gwajin jinin da ke nuna lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Tarihin yaro da kallon ɗabi'arsa ne ke nunawa. Akwai wata takardar tantancewa mai tambaya 20 da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, amma namu ya wuce wannan zangon. Ta rubuta mana takarda: a fara duba kunne.

Dalilinta ya shige ni. Mu da 'yan Nijar duka muna yankin da sanƙarau ke yawo da rani, kuma yana daga cikin manyan abubuwan da ke kurmantar da yara. Yaron da ba ya jin magana sosai ba zai maimaita ta ba, sai a laƙaba masa abin da ba shi ne ke damunsa ba. Muka sake ƙetare gada zuwa wani asibitin kuɗi. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, amma a nan aljihu ne ya yi magana. Da yake yaron ba zai iya cewa ya ji ko bai ji ba, sai aka jira ya yi barci, aka manna masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, na'ura tana aika sauti tana auna yadda jijiyar ji ke amsawa. Kunnensa lafiya lau.

Zango na gaba shi ne wanda ban taɓa sanin ana yin sana'arsa ba: mai gyaran magana, ortofonist a bakinsu. Ofishinta tabarma ce da kayan wasa. Ba ta ce wa yaron ya faɗi komai ba. Ta hura kumfar sabulu ta tsaya, tana jira ko zai dubi fuskarta ya nemi ƙari. Ta nuna mota a kusurwa ko zai bi yatsarta da ido. Ta ba shi 'yar tsana da cokali ko zai yi wasan ciyarwa. Ya juya motar yana murza tayar. Littattafan hotunanta na Faransanci ne, sai ta ajiye su ta ce uwar ta yi masa magana da Hausar da ya saba ji. Na tambaye ta ko yawan yare ne ya rikita shi, ga Hausa a ɗaki, ga Zabarmanci a ƙofar gida, ga Faransanci a talabijin. Ta ce yaran unguwar duka haka suke tashi, kuma suna surutu. Bambancin da take nema shi ne wannan: mai jinkirin baki kawai yana nuni, yana kawo maka abu ka gani, yana kwaikwayo, wanda ke da otizim kuwa, ita hulɗar ce ke yi masa wuya. Abin da ya fi taimaka mata shi ne 'yan bidiyon da ƙanwata ta ɗauka da waya a gida.

Likitan ƙarshe, masanin ƙwaƙwalwa da ɗabi'ar yara, shi ya haɗa takardun duka ya ce otizim ne, tare da jinkirin magana. Ƙanwata ta yi shiru, sannan ta ce, “Likita, laifina ne?” Ya ce a'a, ba tarbiyya ba ce, ba kuma allurar rigakafi ba, yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, gado yana da babban kaso a ciki. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a kan yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari, kuma an fi gano ta a maza. Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke aiki shi ne horo da wuri: zama da mai gyaran magana, gajerun kalmomi a gida, jira ya nemi abu kafin a ba shi, hotuna don ya nuna bukatarsa. Ya ce yaran sun bambanta ƙwarai, wani ya yi magana har ya yi karatu mai zurfi, wani ya buƙaci taimako tsawon rai, kuma ba zai yi mata alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Na dawo ta hanyar da na je. Ga saƙona gare ka. In yaro ya kai shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko shekara ɗaya da rabi ba ya nuni da yatsa, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina faɗin abin da ya iya, kada a zauna jiran ya yi wayo. Ba sai ka je Yamai ba: akwai sashen yara a asibitin koyarwa na Katsina da na Malam Aminu Kano. Ku ci gaba da addu'a, ku ɗauki bidiyon yaron a gida, ku tafi da uwarsa don ita ta san tarihinsa, kuma ku nemi a fara da gwajin kunne.