Kwana biyu a kan keke a bakin Kogin Po

Mu huɗu ne muka tashi daga Ferara da sanyin safiyar wata Asabar a watan Mayu, kowa da kekensa na haya, da gorar ruwa, da burodi da cuku a ɗaure bisa kariya. Ferara birni ne a arewa maso gabashin Italiya, kuma mutanensa na yi masa kirari da birnin kekuna. Wanda ya kwana ɗaya a can zai ga dalili. Tsohuwa mai furfura tana feda zuwa kasuwa da kwandonta, malamin jami'a sanye da kwat yana feda zuwa aji, kuma ba mai yi wa ɗan keke kallon wanda ya rasa kuɗin mota.

Kafin mu bar gari sai da muka hau ganuwarsa. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 9, ginin jan bulo ne, a samanta kuma akwai hanyar ƙasa da tsakuwa a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, wadda mota ba ta hawa. Birnin da ta kewaye tsoho ne ƙwarai. Fadar sarakunan gidan Este, mai zagaye da gwalalon ruwa, an soma gina ta a 1385. An kafa jami'ar garin a 1391, kuma a nan ne Kofanikus, masanin nan da ya ce duniya ce ke zagaya rana, ya karɓi shaidar digirinsa a 1503.

Daga ganuwa muka miƙe arewa sai bakin Po, kogi mafi tsawo a Italiya. Yana tasowa daga dutsen Monbiso a yammacin ƙasar, ya yi tafiyar kilomita 652 kafin ya faɗa Tekun Adiriyatik. Hanyar da muka bi ana kiranta Destra Po, wato hannun daman Po. Ta haura kilomita 120, kuma a saman jinga aka shimfiɗa ta, wato dogon tudun ƙasar da aka tara don tare ruwan kogin. Siririyar kwalta ce a wurare da yawa, wani wurin kuma tsakuwa, kuma an hana motoci bin mafi yawanta. Sai mu yi rabin awa ba mu ji ƙarar inji ba, in ban da wata tarakta can nesa a cikin gona.

Daga saman jingar, kogi na hagunmu, gonaki na damanmu: masara, alkama, da dogayen bishiyoyi sirara da aka dasa sahu-sahu don katako. Abin da ya ba mu mamaki shi ne muna kallon rufin gidajen ƙauyuka daga sama. Idan kogin ya cika, ruwansa kan ɗara waɗannan filaye tsawo, jingar ce kaɗai ke tsakaninsa da ɗakunan mutane. Sun taɓa ganin abin da ke faruwa in ta ɓalle. A watan Nuwamba na 1951 ruwa ya fasa jingar ɗaya gaɓar, a kusa da Okiyobello, ya malale yankin Polesine. Mutane wajen 100 suka rasu, kimanin 180,000 suka rasa muhalli. Tun da muka tuna da wannan, sai muka daina ɗaukar hanyar a matsayin wurin shaƙatawa kawai.

Mun fito da murnar cewa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa. Ashe inda babu hawa babu gangara, ƙafa ba ta samun hutu ko na minti ɗaya. Da rana ta take, iska ta taso daga wajen teku tana dukan ƙirjinmu, ba tudu ba daji da zai kare mu. Dabarar da ta cece mu ita ce jeruwa a layi ɗaya, na gaba ya sha iskar, na baya su fake da shi, bayan ɗan lokaci a yi canji. Muka yi azahar da la'asar a kan ciyawar gefen jinga, balbelu na kiwo a ƙasa da mu. Da yamma lis muka isa Mesola, inda sarakunan Este suka gina gidan farautarsu a ƙarshen ƙarni na 16. Nan muka kwana, cinyoyinmu kamar an yi musu dukan sakwara.

Washegari muka bar kogin muka yi kudu. A wannan ɓangaren akwai wuraren da dole a haɗa hanya da motoci, don haka kowa ya gyara hular kwanonsa, muka rage hira. Tun daga nesa muka hango hasumiyar Pomposa, tsohon gidan ibadar Kirista, mai tsawon mita 48, wadda aka gina a 1063. A nan Gido na Arezo ya zauna, mutumin da ya tsara hanyar rubuta sautin waƙa a kan layuka.

Gonakin da ke kewaye da wurin a da fadama ce da ruwa kwance. Tun shekarun 1870 aka kafa manyan injinan zuƙe ruwa a Kodigoro, aka haƙa magudanai, aka mayar da fadamar ƙasar noma. Yanzu shinkafa ake shukawa a yankin Yolanda di Saboya, inda wuri mafi ƙasa a duk Italiya yake, sama da mita 3 ƙasa da matakin teku. Ruwan sama da ya sauka a nan ba shi da inda zai gangara, sai inji ya ɗaga shi ya zuba a magudana. In injinan suka tsaya na dogon lokaci, fadamar za ta dawo ta karɓi kayanta.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye, ƙannenmu. Kalmar maleriya daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mugunyar iska, don mutanen da sun ɗauka tururin fadama ne ke kawo zazzaɓin. Cutar ta daɗe tana kashe manoman irin wannan yanki. Da busar da fadamu, da raba maganin kwinin, da feshin sauro, aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1970 cewa Italiya ta rabu da ita. Sauro dai yana nan, mun kuwa sha cizonsa.

Da hantsi ya wuce muka shiga Komakiyo, ƙaramin gari mai magudanan ruwa a tsakiyar unguwanni da gadoji na bulo. Garin ya yi suna da wani dogon kifi mai kama da maciji da suke kira angwila. Kifin kan girma a tafkunan nan, amma in zai hayayyafa sai ya yi tafiyar dubban kilomitoci zuwa Tekun Sargaso, can cikin Atilantika.

Kudu da garin ne muka samu abin da muka fito nema, wata siririyar jinga ta farar tsakuwa, kimanin kilomita 5, ruwa hagu ruwa dama. Ba abin da ake ji sai ƙaras-ƙaras ɗin taya da kukan tsuntsaye. Ga garken filamingo tsaye cikin ruwa, dogayen ƙafafu, kai a sunkuye suna tace laka. Launinsu na ja-ja daga ƙananan halittun ruwan da suke ci yake samuwa.

Muna tsakiyar jingar tayar bayan ɗayanmu ta sace. Rana ta yi ƙasa, ruwan shanmu ya ƙare, wanda ke kewaye da mu kuma na gishiri ne. Babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba, babu motar da za ta iya shigowa ta ɗauke mu. A jakar keken akwai famfo da sholisho da ƙyallen faci, amma uku daga cikinmu ba su taɓa cire taya ba, duk da mun girma a kan keke. Na huɗunmu ne ya fitar da mu kunya. Yana ƙaramin yaro yakan tsuguna wajen mai facin unguwarsu bayan an tashi daga makaranta, har ana yi masa faɗa a gida. Ya zare tib, ya ba shi iska, ya tsoma a ruwan tafkin yana juyawa har kumfa ta nuna hujin. Ya goge, ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, sannan ya manna. Kafin ya mayar, sai da ya shafa cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayar da ta yi ɓarnar. Mu kuwa aikinmu korar sauro daga wuyansa.

Ana gab da magariba muka fita daga cikin ruwan, fitilun kekunanmu a kunne, muka nufi ƙauyen bakin teku inda muka kama masauki. Da muka samu famfon ruwa a dandalin ƙauyen, kowa ya sha gora biyu kafin wani ya yi magana. A daren nan, bayan isha'i, muka kifa keke ɗaya a tsakar gidan masaukin, mu ukun nan kowa ya cire taya ya mayar da hannunsa, malamin namu na zaune a gefe yana yi mana dariya.