Kafin Mu Aiki Mai Bishara



Duk shekara, idan damana ta ja baya, ikkilisiyoyinmu sukan zauna shawarar wanda za a tura makarantar Littafi Mai Tsarki. Tambayoyin da na fi ji a wurin biyu ne: shekara nawa zai yi, kuma wace takarda zai fito da ita? Ni da na yi zaman ɗalibi a irin wannan makaranta, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wane irin mutum zai komo mana.

A Markus 3:14 an nuna mana cewa zama tare da Yesu ya riga aike zuwa wa'azi. Almajiran sun ci abinci da shi, sun yi tafiya da shi, sun ga yadda yake karɓar wanda jama'a ta ƙi, sa'an nan ya aike su. A aji malamanmu sun koya mana fassarar nassi, tarihin ikkilisiya da shirya wa'azi, ina kuwa gode musu har gobe. Amma haƙuri a gona na koye shi, da wurin rabon hatsi da tiya lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da addu'ar asuba kusa da ɗan'uwan da muka saɓa da shi jiya.

A ƙasarmu wannan horo ba abin wasa ba ne. Mafi yawan maƙwabtanmu Musulmi ne, da wuya su shiga majami'a su ji wa'azinmu. Abin da suke gani shi ne ko mai bishara yana biyan bashi, ko yana zuwa suna da gaisuwar rasuwa, da yadda yake magana da matarsa a tsakar gida. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, mutane sun fi gane bishara ta hannun wanda ya wanke musu gyambo, ya zauna da su cikin ciwo. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, kalmar gafara da ta fito daga bakin masu bi ba a ranar aka koye ta ba. Wasu maƙwabta Musulmi ma sun ɓoye Kirista a gidajensu, albarkacin zaman mutunci na shekaru. Shi ya sa 1 Bitrus 3:15 ta haɗa ba da amsa da tawali'u da girmamawa.

To, mene ne namu hakkin? Na farko, mu zaɓi wanda halinsa ya bayyana a gida da kasuwa, bisa ma'aunin 1 Timoti sura 3, ba wanda ya rasa abin yi ba. Na biyu, idan mun tura shi, kada mu yar da shi can: buhun hatsi, kuɗin magani, da kiran waya na tambayar lafiyar iyalinsa duk cikin ibada suke. Na uku, matarsa ma ta samu koyarwa, domin ita ce za ta shiga gidajen da shi ba zai iya shiga ba. Kuma ya riƙe sana'a, kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti, don kada yunwa ta sa ya karkata maganarsa wajen mai hannu da shuni.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan mako, kowace ikkilisiya ta ambaci sunan ɗalibinta cikin addu'a, ta kuma aika masa da abin da ya sawwaƙa. Ubangiji ya ba mu ma'aikata masu aminci. Amin.