Man kaɗe, zaitun da lalle: abin da suke yi wa fata da abin da ba sa yi

Da zarar hunturu ya kawo jiki, shafukan sada zumunta sai su cika da tallar mayukan shafawa. Wannan ta ce haɗinta oganik ne zalla, waccan ta ce nata daga ganye da saiwa aka tatso shi, babu kemikal ko ɗigo. 'Yar kwalbar da ba ta cika tafin hannu ba, kuɗinta sai ka riƙe baki. In ka leƙa ƙasan tallar kuwa, tambaya ɗaya mata ke ta maimaitawa: "Hajiya, kwana nawa zan yi in fara ganin haske?" Ita kuma ta ce sati ɗaya, in sha Allahu.

Ni ina cikin masu ganin girman man itatuwa, kuma ba don kishin gargajiya kawai ba. Suna gyara fata, gyara na gaske, likitocin fata ma ba su musa ba. Sai dai babu man itacen da zai mai da baƙa fara cikin sati ɗaya, ko cikin shekara. Aikinsu daban ne, kuma duk wadda ta gane aikin za ta daina zubar da kuɗinta.

Fatar sama, wadda muke taɓawa, gininta irin na katangar ƙasa ne. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa shi ne kwaɓin da ya cike tsakaninsu. Muddin maiƙon nan yana nan, ruwan jiki ba ya ficewa, ƙura da ƙwayoyin cuta ba sa samun ƙofar shiga. Iskar hunturu, wadda danshinta a Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, zuƙe ruwan take yi. Mu kuma sai mu taya ta da ruwa mai zafin tsiya, da sabulu mai kaifi, da soso a yi ta dirza. Daga nan jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, kaushi da faso su kama dunduniya, yara su kwana suna susa.

Mai ba ya kawo wa fata ruwa, wanda ke ciki yake tsarewa. Shi ya sa lokacin shafawa ya fi tsadar man tasiri. Wadda ta fito wanka ta goge jiki sama-sama, ta shafa man kaɗen kasuwar ƙauye tun jikin da sauran lema, ta fi wadda ta bari ta bushe ƙayau sannan ta ɗauko na Dubai.

Man kaɗen nan da ake rainawa, wanda ya taɓa ganin yadda ake yin sa ba zai ƙara yi wa mai sayarwa tayin wulaƙanci ba. Da farkon damina 'ya'yan kaɗanya ke nuna su faɗo da kansu. Ba kaɗowa ake yi ba, tsinta ake yi, da sassafe, cikin ciyawa, ana kaffa-kaffa da maciji. A sha naman a tara ƙwallon, a dafa, a shanya, a fasa ɓawon, a daka, a soya, a niƙa ya zama ƙulli mai kauri launin ƙasa. Sai aikin da ke karya kafaɗa: mace ta duƙa gaban baho tana bugun ƙullin da hannu, tana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, tana bugu tana ƙari, har maiƙon ya rabu da tuƙar ya taso sama fari-fari. A kwashe, a wanke, a ɗora a wuta ruwan ya ƙone, a tace, a bari ya daskare. Wannan duka kafin ya zo hannunki a ƙulle cikin leda.

Yawancinsa maiƙo iri biyu ne, ɗaya mai daskarewa ɗaya mai ruwa-ruwa, shi ya sa yake da tauri a kwano amma da an murza shi a tafin hannu ya narke. Abin da ya bambanta shi da sauran mayuka shi ne wani ɓangare nasa da ba ya zama sabulu ko an dafa shi da ruwan toka. Wannan ɓangaren ya fi yawa a man kaɗe in an gwada da yawancin man tsirrai, kuma a cikinsa ake samun bitamin E da sinadaran da ke kwantar da kumburi da raɗaɗi. Wanda kamfanoni suka tace ya yi fari tas ba wari, ya rasa wani kaso na wannan. Warin hayaƙin da ake ji a na gida yakan zo ne daga busar da ƙwallon a kan wuta, amma in ya koma ɗoyi ko tsami, ya tsufa, a bar shi. Na san mata da yawa kan narka shi su zuba turare don kashe warin. Ga lafiyayyar fata babu laifi. Ga yaro mai ƙaiƙayin fata kuwa, turaren ne zai fara tayar masa da ita. Kuma kada a ɗauka yana kare zafin rana, kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Ba yau Turawa suka san shi ba, ma. Mungo Park, matafiyin nan ɗan Sikotland da ya mutu a Busa a 1806, ya yabi man a littafin tafiyarsa na 1799, har masana tsirrai suka daɗe suna kiran bishiyar da sunansa.

Yanzu ga maganar da za ta sosa wa wasu rai. Man zaitun mai albarka ne, sunansa na cikin Alƙur'ani, a abinci kuwa da wuya a samu kamarsa. Amma fata da ciki ba ɗaya ba ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka gwada shi a kan manya 19. Wasu daga cikinsu suna shafa zaitun a hannu ɗaya, man sanfulawa a ɗayan, har sati huɗu. Hannun zaitun fatarsa ta yi rauni, ta ɗan yi ja, har ga waɗanda ba su taɓa fama da ciwon fata ba. Na sanfulawa ya ƙara laushi, bai samu wata illa ba. Dalili shi ne zaitun cike yake da sinadarin oleyik, wanda ke sassauta maiƙon da ke tsakanin ƙwayoyin fata, sanfulawa kuma ya fi yawan linoleyik, wanda jiki ke amfani da shi wajen gina maiƙon. Mutum 19 ba taro ba ne, kuma wanda ya saba da zaitun fatarsa lafiya lau ba sai ya zubar ba. Amma jariri sabon haihuwa da mai fama da bushewar fata mai ƙaiƙayi, ni ban ga dalilin fara musu da shi ba.

Sanfulawan nan ya taɓa ba da mamaki a wani wurin. A wani asibitin yara da ke Dhaka ta Bangaladesh an riƙa shafa wa jarirai bakwaini shi, sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna kamuwarsu da cututtukan da ake ɗauka a asibiti ta ragu da kashi 41 cikin ɗari. Man girki ne fa, ba wani abu ba. Fatar bakwaini ba ta gama ginuwa ba, man ya taimaka ya toshe kafar.

Man kwakwa ma ya ci jarrabawa. A Filifin, a 2014, an gwada shi a kan yara 117 masu ciwon ƙaiƙayin fata na tsawon sati takwas, ya fi man da ake tacewa daga fetur sauƙaƙa musu. Kusan rabinsa wani sinadari ne da ke hana wasu ƙwayoyin cuta sakewa. Sai dai a fuska mai maiƙo yakan toshe ƙofofin gashi, budurwa ta shafa don gyara ta wayi gari da ƙuraje. A bar shi a jiki da gashi.

Kalmar da ta fi cutar da mu ita ce "ai na itace ne, ba ya komai." Tunfafiya ma itace ce, wa ke ɗiga nononta a ido? Lemun tsami da ake cewa a goga a fuska don cire tabo yana da sinadarin da in rana ta same shi a kan fata yake ƙona ta. Wurin ya yi ja, wani lokaci ya tashi bororo, ya warke ya bar baƙin tabon da kan yi watanni, wanda ya fi na farkon muni. Tafarnuwa da ake dakawa a ɗaure a kan ƙurji tana sale fata. Man darbejiya yana da amfani a shafe, amma ba a ɗura wa yaro, an sha samun yaran da ya sa su amai da jijjiga.

Lalle kuwa sai an yi bayani a tsanake, don ba bikin da za a yi babu ƙunshi. Jan lalle na ganye yana da wani sinadari da ke kama fatar sama ya rina ta, shi ya sa ba ya wankuwa sai fatar ta sake da kanta, kuma da wuya ya yi wa babba illa. Matsalar tana wuri biyu. Ta farko baƙin zanen da ake yi da dayis. Wannan ba lalle ba ne, rinin gashi ne, yawanci da sinadarin PPD a ciki, kuma ba don a bar shi a kan fata aka yi shi ba. Wadda jikinta ya ƙi shi, bayan kwana biyu zuwa sati sai zanen ya kumbura ya bi sawun fulawar da aka zana, reshe-reshe, ya yi ruwa, ya bar tabo a siffar adon. Daga ranar kuma jikinta ya riƙe abin, ko rinin gashi ta shafa nan gaba zai iya tayar mata. Ta biyu jarirai. Akwai wata larurar jini ta gado, ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a ƙasashenmu musamman ga 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da ita ba. Irin wannan jaririn in aka lafta masa lalle, jinin jikinsa na iya farfashewa, ido ya yi rawaya, shawara ta kama shi. Don Allah iyaye mata da kakanni, a bar jarirai su girma tukuna.

Duk sabon abin da za a shafa, ko daga gonar gidanku ya fito, a ɗan shafa a cikin damtse a jira kwana biyu. Jiki magayi.

To ina hasken da ake gani a jikin amare? Na gaske ne, amma a duba daga ina ya zo. Dilka, wadda ta iso mana daga Sudan ta Chadi da Barno, murje matacciyar fata take yi. Halawa ta cire gashi. Kurkur ya bar ɗan rawaya-rawaya da ke wankewa cikin kwanaki. Mai ya sa sheƙi. Sannan an killace yarinya a ɗaki ba ta shiga rana, ana ba ta abinci mai kyau, tana barci. Launinta na asali ne ya fito fes, ba wani aka ba ta ba.

Amma haɗin da ya ɗauke baƙa ya mai da ita fara sol cikin sati biyu, ruwa ba ya tsami banza. Abin da aka fi samu a irinsa uku ne: maganin tub mai sitiroyid da likita ke rubutawa don ciwon fata na 'yan kwanaki, ko haidirokwinon, ko makuri. A matse su a roba, a zuba man kaɗe da karas da turare, a liƙa takarda mai hoton ganye. Alamun ba sa ɓuya. Gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kumatu su yi ja, koren jijiya ya bayyana, nankarwa ta fito a damtse da cinya ba ciki ba goyo. Fata ta yi siriri har ɗinki ya ƙi kamawa in an yi tiyata. Da ta daina shafawa ƙaiƙayi da raɗaɗi su taso, sai ta koma wurin Hajiya, Hajiya ta ce ai fatar ce ke sabawa, ta ƙara mata wata kwalbar. Makuri kuwa ƙoda yake ci a hankali, kuma yana isa ga ɗan da ke ciki. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016, a 2023 kuma NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wadda ta daɗe a kan haɗin, ta je wurin likitan fata ya janye ta a hankali, don yanke sitiroyid farat ɗaya shi ma wata wahalar ce.

Abin takaicin, man kaɗen da ake fakewa da sunansa shi kansa yana cikin wani hali. Bishiyar ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a wannan zirin da ya taso daga Senegal ya kai Uganda, kuma Najeriya ce kan gaba wajen tara ƙwallon, musamman jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Oyo. Mafi yawan wanda ake fitarwa waje ba a man shafawa yake ƙarewa ba, a cakulan yake shiga, tun ma da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a riƙa sa har kashi 5 cikin ɗari na irin wannan mai a madadin man koko. A watan Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, wai don a riƙa sarrafa shi a gida. Niyyar ba ta da laifi, amma farashi ya faɗi nan take, kuma matan da ke tsinta cikin ciyawa su suka fara ji a jikinsu.

Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma ba kasafai ake shuka ta ba, manomi ne ke barin wadda ta tsiro a gonarsa. Icenta kuma yana da ƙarfi, masu sassaƙa turmi na son sa, masu gawayi sun fi kowa so don garwashinsa na daɗewa. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi a jihohin Neja da Kwara ana lodawa zuwa birane, wani kaso nasu kaɗanya ce da aka sare tana tsakiyar haihuwa.