Ranar da lam-alif ya rabu a kalandarmu

'Yan uwa da dama sun tambaye mu, mu 'yan kwamiti, me ya sa kalandar bana ta makara. Ga yadda aka yi.

Mun kai aikin wata maɗaba'a a Shomolu, har mun biya rabin kuɗi. Da samfuri ya fito hotuna sun yi kyau, amma addu'ar da muka sa a sama ta tarwatse. Kowane harafi ya tsaya shi kaɗai, lam can, alif can. Yaron da ya tsara shafin bai san Larabci ba, a wurinsa komai daidai. Da mun sa hannu a gurguje, da haka za a rataye ta a gidajenku shekara guda.

Muna cikin ɗaga murya sai wani dattijo a wurin, wanda ya yi zamanin haruffan dalma, ya duba ya ce, "Alhaji, manhajar ce ba ta san ligaca ba." Duk cikinmu ba wanda ya taɓa jin kalmar.

Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin ɗaurewa. A wajen masu ɗab'i, ligaca ita ce haruffa biyu ko fiye da aka haɗe suka zama alama ɗaya. A da kan f yana karo da ɗigon i, sai aka riƙa zuba su a dalma guda. Alamar & ma e da t ne suka manne. Gutenberg, da ya buga littafinsa a Jamus wajen 1455, ya yi amfani da alamomi kusan 290, da yawansu irin waɗannan, don aikinsa ya yi kama da rubutun hannu. Ashe abin da muka rera a makarantar allo muna cewa lam-alif, shi ne wannan. Mun san abin tun muna yara, sunan ne kawai baƙo.

Dattijon yana busa saksofon a cocinsu, don haka bai ƙyale mu ba sai da ya ƙara mana. Masu rubuta waƙa a Turai a ƙarni na 13 sukan haɗe sautuka biyu ko uku da ake rerawa a kan gaɓa ɗaya cikin alama guda, siffar haɗin kuma ita ke nuna wanne za a ja, wanne za a gajarta. Ita ma ligaca. Har ɗan zoben da ke ɗaure siririn karan nan a jikin bakin busar tasa sunansa ke nan. Wannan kam mun saurara ne don ladabi, hankalinmu na kan kuɗinmu.

Mun karɓo layin, wani malami a Agege ya sake tsara shi, muka mayar a matsayin hoto yadda manhaja ba za ta taɓa shi ba. Mutum uku suka karanta kafin a buga. Kalanda tana wurin sakatare. Masu shirin buga katin biki ko na walima, ku nemi samfuri, ku fara duba lam-alif.