Mu 'Yan Amshi

Mu shida ne muka yi wa ɗan ajinmu amshi a bikin yaye ɗalibai na makarantarmu a Garki. Mako uku muna bita kullum bayan la'asar. Ranar biki shi aka tafa wa, shi aka yi wa liƙi, mu kuwa ko sunanmu ba a ambata ba. Muka yi fushi, muka ce mu da amshi har abada.

Malaminmu na Hausa ya ji labari, ya zaunar da mu a gindin darbejiya. Ya ce ai Musa Ɗanƙwairo ma ya daɗe yana amshi a bayan wansa Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiyar, har ya kai ga yi wa Sardauna waƙa.

Sannan ya ba mu labarin wasu makaɗan situdiyo a birnin Filadelfiya na Amurka, ana ce musu MFSB. Su ke yi wa mawaƙa irin su O'Jays kiɗa, amma hoton mawaƙan ake sawa a jikin faifai. A 1974 nasu kiɗan, TSOP, ya zama na ɗaya a Amurka, ya shiga sahun farko na kiɗan disko. Zaman bayan nan ne ya goge musu hannu.

Haushin bai tafi duka ba, amma mun koma bita. Sharaɗinmu ɗaya ne: baɗi, kafin a fara waƙa, sai an kira sunayenmu mu shida.